Hular da Anka Maido a Wanke

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Magaji,

Sallama da gaisuwa irin ta uba ga ɗansa, da roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka da lafiyar jiki da ta kai, don ta biyun ita ke fara ƙaranci ga wanda anka zaɓa. Allah Ya tsare ka a hanyar Sakkwato, Ya tsare ka cikin Sakkwato, Ya maido muna kai yadda munka ba da kai. Innarka na gaishe ka, ko da yake katanga ɗaya ce tsakaninku, kuma ita ta dama furar da ka sha ɗazu.

Za ka ce mi ya kawo takarda tsakanin mutum biyu da ke kwana gida ɗaya. Tun da anka faɗi sakamakon zaɓen majalisar jiha ban samu ganinka kai kaɗai ba. Zauren da na gina, yanzu sai na yi wa yaran da ban san iyayensu ba sallama kafin in wuce. Kuma ko na same ka, uba ba ya zama ya yi wa ɗan fari dogon zance ido cikin ido. Kai ka sunkuyar da kai, ni in dubi rufin ɗaki, mu tashi ba a ce komai ba. To ga shi a rubuce. Kada ka yi dariyar baƙaƙen. Allo kaɗai na yi, bokon kuwa a bayan motar kamfen na tsince shi, kan fostocin da ke ɗauke da fuskata.

Magana ɗaya ka yi shekaranjiya ta hana ni gama tuwo. Ka dawo daga zagayen godiya, kana cire takalmi kana gaya wa abokanka cewa duk mazaɓarmu babu masu ladabi awa masuntan tungar bakin ruwa. Sun shimfiɗa maka sabuwar tabarma, tsofaffinsu sun durƙusa, kowa ranka shi daɗe. Ka ji daɗi. Ni kuwa na aje loma. Magaji, kai jikan Sarkin Fawa ne. Masunci ba ya durƙusa wa ɗan mahauci. In ka ga ya yi, to wani abu ya lalace tsakani, kuma ni na lalata shi. Kana makarantar kwana lokacin, shi ya sa kai kaɗai ne ba ka sani ba. Zan zo kansa, amma bari in faro daga farko.

Kafin a ce mini Honarabul, sunana Ummaru Tsokana. Ina bin kakanka kasuwa-kasuwa da barho da faifan nama, Goronyo, Wurno, Rabah, har Maikujera in an yi girbi mutane sun soma marmarin tsire. Tsakaninmu mahauta da masunta akwai wasa tun kakanni. Mu muna ce musu masu sai da mushe, tunda ba a taɓa ganin wanda ya kayar da kifi ya fuskantar da shi gabas ya yanka ba. Su suna ce muna iyayen gidan ƙuda. Kowane yana kiran ɗayan bawansa. Masunci na iya zuwa tukubarka ya zare tsiren da ya fi kitse, ya tsaya nan yana ci yana zagin yajin. Kai ma ka je wurin bandarsa ka ɗauki kifin da ya fi girma. Ba ƙara, ba fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma a daɗe ana yi da shi.

Nawa abokin wasan shi ne Hantsi Mai-Taru, na wannan tungar da ka je. Ya girme ni nesa, da kakanka sunka fara, ni gado na yi. Na taɓa ɗaure wutsiyar bijimi a bayan jirginsa, ya yi ta tuƙi a gulbi mutanen gaɓa na ihu ga saniyar ruwa, shi yana ɗaga musu hannu yana tsammanin gaisuwa ce. Da ya gane, ya jira. Ranar ɗaurin aurena da innarka, ana tsakiyar fatiha, ya zura mini tarwaɗa mai rai a aljihun babbar riga. Amin ɗin da na yi rannan har yanzu tsofaffi na kwaikwayonsa. Amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne fizge hula. Ko'ina ya gan ni, gidan suna ko bakin masallacin Juma'a, sai dai in ji iska a ƙeya. Ya ɗora ta a kansa mai ƙarnin kifi, kuma ba ta dawowa sai na fanshe ta da kilishi.

Siyasa ba nemanta na yi ba. Manya biyu na jam'iyya sunka kasa jituwa kan wanda za a tsayar majalisar jiha, kowane ya ƙi janye wa ɗan'uwansa, sai anka nemi wanda ba ya da maƙiyi. Wani ya ce a ɗauko ɗan Sarkin Fawa, ko ba komai zai sa mutane dariya. Haka na shigo, ina da ƙuruciyata, ban wuce shekarunka na yanzu da yawa ba. Ranar zaɓe Hantsi ya wuni yana ƙetarar da mata da tsofaffi a jirginsa zuwa rumfa, yana ce musu su dangwala wa bawansa, in ya tafi Sakkwato ƙudaje su ragu a kasuwa. Sunka dangwala. Na ci.

Kuskurena na farko takarda ce. A majalisa komai a rubuce yake zuwa, mafi yawa da Turanci, ni kuwa kunya ta hana ni in ce a karanta mini. Sai in riƙe takarda, in tsuke fuska, in motsa leɓe awa mai tilawa, in gyaɗa kai. Na iya wannan ƙwarai, har akwai wanda ya ɗauka tsohon malamin makaranta ne ni. Da anka ba kowane ɗan majalisa damar kai rijiyar burtsatse mazaɓarsa, na yi niyyar kai tawa wani ƙauyen tudu inda mata ke tafiya mai nisa da jarka a kai. Ɗan kwangila ya kawo takarda, na yi mata irin karatun nan nawa, na sa hannu. Anka haƙa rijiyar a ƙauyen surukansa, inda in ka yi jifa da hoge sai ya faɗa gulbi. Ranar buɗewa kowa ya ce aiki ya yi kyau. Hantsi kaɗai ya tare ni a kasuwar Goronyo, ya fizge hular, ya ce, "Bawana, na ji labari. An ce ka kai ma kifi ruwa." Mutane sunka yi dariya, ni ma na yi, amma daga bakinsa na fara sanin abin da ake faɗi a bayana.

Kai kana karanta Turanci har da na kan kwalbar magani, don haka za ka ce wanga bai shafe ka ba. Ya shafe ka. Abin da na yi wa takarda shi ka yi wa fuskokin mutanen tunga shekaranjiya. Ka duba, ka gyaɗa kai, ba ka karanta ba. In ba ka gane abu ba ka tambaya, ko a gaban wa. Kunyar tambaya ta yini ɗaya ce, rijiyar nan kuwa tana nan har yau, kuma matan tudu ba su aje jarka ba.

Na biyu kalma ce, an gama. Tun da safe zaure ya cika. Wannan yana son taki, wannan injin ban ruwa don albasarsa, wagga ɗanta ya gama makaranta yana zaune, wancan yana son a yi magana a gyara kwalbatin da ke yanke musu hanya da damina. Ni mutum ne da ya saba a rabu da shi ana dariya, ban iya ganin fuska ta canza a gabana ba. Sai in ce wa kowa an gama. Ɗan majalisa kuwa ba gwamna ba ne, ba shi da taki, ba shi da kwalta. Abin da ke gare shi baki ne da ƙafa, ya yi magana a zauren majalisa, ya bi ofis-ofis yana roƙo. Ban gaya wa kowa haka ba. Da masu an gama sunka yi yawa, sai na soma gudunsu. Na sa anka yi wa mota baƙin gilashi. Na riƙa wuce mararrabar Wurno ba tsayawa, 'yan kabu-kabu da munka ci tsire tare suna ɗago hannu ina duban gaba. In na zo gida sai in bar motar nesa in shigo ta ƙofar awaki. Innarka ta taɓa ce mini tun da anka zaɓe ni ta koma auren ɓarawo.

Nan ma Hantsi ne ya gaya mini. Ya ce akwai wani jaki a kasuwa, na mai ɗaukar buhunan albasa, in ya toge ko da sanda ba ya motsi, yanzu yara sun sa mishi suna An Gama. Ya ce in zo mu je in gaisa da takwarana.

Don haka, in abu ba ya yiwuwa ka ce ba ya yiwuwa, kana tsaye da ƙafarka a ƙasa, ba ta tagar mota ba. Mutum zai ɓata rai, ya tafi, ya huce, gobe ya dawo da wata buƙatar. Wanda ka ce wa an gama ba ya dawowa da wata, da ita dai zai yi ta dawowa, har ranar da zai daina zuwa. Kuma ka bar gilashin motarka fari. Zafi zai dame ka, ka yi haƙuri.

Yanzu ga maganar hula.

Ana cikin shekarun nan jam'iyya ta shirya taro a Goronyo ranar kasuwa, manyan baƙi sunka zo daga Sakkwato. Ni ne ɗan gida, ni ke gaba. Na sa sabuwar kube mai aikin hannu, wadda na aje don irin wannan rana. An haɗa ni da wani ƙato mai tsaron lafiyata, ana ce mishi Langa, ba ɗan ƙasarmu ba ne, bai san komai game da mahauta da masunta ba, ni kuma ban taɓa zaunar da shi na gaya mishi ba. Muna ratsa layin 'yan albasa, ina yi wa babban baƙo bayani, sai na ji iska a ƙeya. Na juya. Hantsi ne, da tsohuwar rigarsa ta ruwa, hulata a kansa, yana cewa bawansa ya yi ƙiba, wa ke ba shi dusa a Sakkwato.

Kafin ya rufe baki Langa ya kwaɗa mishi mari. Ya faɗi kan tarin albasa, hular ta mirgina cikin ƙasa. Mutanenmu da nasu duk suna nan, suna dubana, don kowa ya san abin da ya rage. In yi dariya, in ɗago shi, in ce wa Langa ka mari ubangidana, yau sai mun yi kilishin saniya guda. Da shi ke nan, da marin ma ya zama abin ba'a. Sai babban baƙon ya dafa ni ya ce wane ne wannan. Na dubi rigarsa mai sitaci, na ji ƙarnin kifi yana tashi. Na ce, "Wani masunci ne."

Munka wuce. Marin ba nawa ba ne, amma maganar tawa ce, kuma Hantsi ya ji ta.

Bayan kwanaki ina zaure anka ce ana sallama. Shi ne. Ya cire takalmi tun daga bakin hanya, ya shigo a sunkuye, ya durƙusa nesa da tabarma. Ya miƙo hular da hannu biyu. An wanke ta, an kai ta wurin mai bugu, an naɗe ta cikin sabuwar leda. Ya ce, "Ga hular Honarabul. Allah Shi ja zamani, a gafarta muna rashin sani." Ya tashi ya fita da baya-baya. Na zauna da leda a hannu, waɗanda ke tare da ni suna cewa ai gara haka, yanzu sun san girma.

Daga rannan ba wanda ya ƙara zare tsire a tukubar gidanmu. In masunci ya zo, saye yake yi ya yi godiya. 'Yan gidanmu ma sunka ji nauyin taɓa bandarsu. Wasan da yaranmu da nasu ke yi ran cika-ciki ya mutu, shi ya sa ƙannenka sunka taso ba su san shi ba. Ni kuma na rasa mutum ɗaya da ke iya gaya mini gaskiya a tsakiyar kasuwa ba tare da an ce ɗan adawa ne ba. Ka gane amfanin abokin wasa ke nan ga mai mulki. Malami in zai gaya maka gaskiya sai ya zagaya ta ayoyi, ɗan'uwa yana tsoron zumunci, yaron siyasa yana tsoron tuwonsa. Abokin wasa kaɗai anka yarje wa ya faɗa maka ita tsirara, ka yi dariya, ka je gida ka gyara.

Da zaɓe na biyu ya zo na zagaya mazaɓa. Ko'ina na je tabarma sabuwa, gaisuwa har ƙasa. Na tambayi kowa ya ake ciki, kowa ya ce an gama. Ban lura kalmata ce ake maido mini ba sai da anka ƙirga. Abin da na samu a rumfar tunga, da a aljihu za a zuba shi, da sauran wurin goro. Sauran wurare ma ba su fi haka da yawa ba. Na dawo gida ta babbar ƙofa, don ba sauran mai jirana a zaure. Ban yi rashin lafiya ba, ban kuma zagi kowa ba. Na koma saye da sayar da dabbobi, kuma na fi iya shi.

Kada ka ɗauka ban nemi gyara ba. Na je tunga da ƙafata, da cinyar rago a kafaɗa. Hantsi ya sa anka ɗauko tabarmar baƙi, shi ya zauna a ƙasa. Na ba shi haƙuri, ya ce ai ba komai, ya yafe tun rannan. Na kuwa yarda ya yafe, ba ya ƙarya. Amma yafiya daban, wasa daban. Na gwada, na ce to bawana, wanga mushen da kake shanyawa fa, har yanzu ana saye. Ya dube ni ya ce, "Haka ne, ranka shi daɗe." Naman da a da fizgewa zai yi, ya karɓa da hannu biyu, ya sa anka biyo ni da kifi tukuici, awa baƙon da ya zo daga wata ƙasa. Na sake komawa, na sake, duk haka. Daga baya na gane ba zai ƙara taɓa kaina ba, don ni ne na ce ban san shi ba a gaban mutane.

Kai ba ka ce ba. Wasan gado ne, bai tsaya kaina ba, kuma kai ne yanzu mai babbar riga a gidan. In ya dawo ta kanka, ya dawo ga kowa.

Hantsi ya tsufa ƙwarai. Ya daina shiga ruwa, idonsa ya yi rauni, yana wuni ƙarƙashin giginyar bakin mashaya yana ɗinkin taru da lalube. Shi ne tsohon da ka ce ya fi kowa sa maka albarka. Damina nawa ta rage mishi, Allah Ya sani, ni dai ba na son in tsaya a kan kabarinsa a matsayin Honarabul.

Ga abin da nake so. Hular tana cikin ledar da ke haɗe da wagga takarda, ban ƙara sa ta ba tun rannan. Gobe in kun kama hanyar rantsuwa, kafin ku kai mararrabar Wurno, ka sa a tsaya inda hanyar tunga ta rabu da kwalta. Ka bar motoci nan, ka bar yaran nan duka, musamman wancan mai baƙin tabarau da ke ture mutane, yana tuna mini da wani. Ka sa hular ka taka da ƙafa. In sun ɗauko tabarma kada ka hau. Kada ka yi mishi gaisuwar ladabi da innarka ta koya maka. Ka tsaya kansa ka toshe hanci, ka ce kai jikan Sarkin Fawa ne, ka zo duba bawan da kakanka ya bar maka gado, amma ka ga ya tsufa, ko kyauta ba mai karɓa. Na san bakinka zai yi nauyi, boko ya maishe ka mutumin kirki fiye da kima. Ka daure. Sannan ka durƙusa kusa da shi awa mai duba taru, ka sunkuyar da kai sosai. Hannunsa ba ya kaiwa sama yanzu.

In ya fizge, kada ka yi saurin fansa. Ka yi ciniki, ka zagi kifinsa, ka bari mutanen tunga su taru su yi dariya har ta ishe su. Ka ce kilishin sai ranar kasuwa. Ka wuce Sakkwato kai ba hula, a can ba a rasa mai ara maka wata, kuma ko an ɗauki hotonka haka ba a fasa rantsar da kai. Daga nan ka samu wanda zai riƙa gaya maka sunan da anka sa wa jaki. In kuwa ya ce ranka shi daɗe, kada ka ja magana. Ka tashi ka tafi aikinka, ka dawo wani satin da ita a kanka, ka sake. Ni na gaji da wuri, kai kada ka gaji.

Sauran nasiha ka san ta. Ka tsare salla, ka ci abincin da ka san inda ya fito, kada ka sa hannu kan abin da ba za ka iya karanta wa innarka da Hausa ba. Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin masu yabo. Ya sa ka shiga zauren majalisa lafiya, ka fito lafiya, ranar da wa'adi ya cika ka shigo gida ta babbar ƙofa ka iske mutane a zaure. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka.

In ka isa Sakkwato kai ba hula, ka buga mini waya, ko ana tsakiyar taro. In da hula a kanka, kada ka kira. Zan gane.

Mahaifinka,
Ummaru, wanda a da ake ce wa Tsokana.